Yaro ya kamu da son kaki, "Kwamanda" kuma yana neman kuɗin gurbi

Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Tudun Wada ce a nan Zariya. Maigidana Allah Ya yi masa rasuwa shekara huɗu ke nan, ya bar ni da yara biyar, da ɗinki nake riƙe da su. Babban cikinsu shekararsa 16, yana aji biyu na babbar sakandare. Tun yana ƙaramar sakandare ya shiga 'yan kadet na makarantarsu, masu sa kaki suna koyon fareti irin na soja, ban hana shi ba, don na ga ya natsu, asuba ma ba sai an tashe shi ba. To bara wani abokinsa ya kai shi wata ƙungiya da ba ta makaranta ba, suna fareti a wani fili duk Asabar da Lahadi. Shugabansu Kwamanda suke ce masa. Ya karɓi naira 35,000 na kaki da takalmi da katin shaida, rance na ci na bayar. Yanzu ya aiko wai in kawo 250,000 zai samar wa yaron gurbi a Defo, inda ake horar da sabbin sojoji, yana da manya a ciki, shekaru kuma za a gyara. Abin da ya fi tayar min da hankali, kwanan nan sun fara bin 'yan sintirin wata unguwa da dare, sai asuba yake shigowa ya kwanta, makaranta sai ranar da ya ga dama. Zangon da ya wuce ya faɗi lissafi. Baffansa ya ce in ƙyale shi, namiji ne, gara kaki da zaman majalisa da shaye-shaye, har ya ce zai ba da rabin kuɗin. Ni kuwa ranar nan saura ƙiris in cinna wa kakin wuta. Na yi masa faɗa, ya ce wai ba na son ci gabansa. Malam, in sayar da keken ɗinkina ɗaya in biya, ko in raba shi da harkar baki ɗaya?

Uwa mai damuwa, Tudun Wada

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya raya abin da ya bari, ke kuma Ya saka miki da alheri.

Hajiya, kada ki sayar da keken nan. Ko kwabo kada ya ƙara fita daga hannunki zuwa wurin mutumin nan, baffan yaro ma ki roƙe shi ya mayar da nasa aljihu. Amma ashanar ma ki ajiye ta. Kakin makaranta bai yi miki laifin komai ba, kuma in kin bi ni a hankali za ki ga da shi za ki janyo yaron ya dawo.

Bari in fara da maganar gurbi, tunda ita ce ke neman cinye miki jari.

Aikin soja ba a boye ake ɗaukarsa ba. In lokaci ya yi, rundunar sojan ƙasa takan fitar da sanarwa a shafinta na intanet da jaridu, a cike fom, kuma fom ɗin kurtu kyauta ne. Abin da mutum zai kashe bai wuce kuɗin mai shagon kwamfuta da hoto da buga takardu ba. Sharuɗɗan da aka saba gani a 'yan shekarun nan su ne: mai nema ya kasance tsakanin shekara 18 zuwa 22 in ba mai sana'a ba ne, namiji tsayinsa ya kai mita 1.68, ya gama sakandare yana da sakamako a hannu, da lambar NIN, da takardar shaidar ƙaramar hukumarsa. Daga nan a kira kowa jiharsa ta asali a tantance shi: a auna tsayi, a sa shi gudu, likitoci su duba shi ciki da waje, a bi takardunsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tsallake wannan shi ake kaiwa Defo ya sha horon wata shida. Kuma kusan duk sanarwar da suka fitar sai sun ja kunnen jama'a kada a ba kowa kuɗi.

To ki ɗora ɗanki a kan wannan ma'auni. Shekararsa 16. Bai zauna WAEC ba, bai zauna NECO ba. Da wace takardar za a shigar da shi? Amsa ɗaya ce, ta jabu. Shi "za a gyara shekaru" da ya faɗa miki da sauƙin baki, ma'anarsa a je a yi rantsuwar ƙarya, alhali ranar haihuwar yaro tana rubuce a makaranta, in ya yi NIN tana can ma. Ko da a ce an yi sa'a ya sulale ya shiga, ranar da aka zo bin takardu korarsa za a yi, wataƙila da tuhuma a kansa. Ga keke ya tafi, ga sakandare ba a gama ba.

Na fi zaton ma ba za a kai nan ba. Masu wannan sana'a dabararsu tsohuwa ce. A ce mutum ya karɓi kuɗin iyaye ashirin, ya tura yaran da suka cancanta su cike fom ɗin da dama kyauta ne. Biyu ko uku su ci da ƙoƙarinsu, sai ya ɗauki hotonsu da aski ƙwal-kwabo yana nuna wa jama'a, "ga yarana a Defo." Sauran a ce musu sunansu yana jerin jiran tsammani, ko an canja babban ofisan da ke taimakawa, a bari sai ɗauka ta gaba, a ƙaro ɗan wani abu. Iyaye kuwa sun san hanyar da suka bi ba ta gaskiya ba ce, kunya da tsoro su hana su kai ƙara. Ba na ce miki duk ƙasar nan babu alfarma ba, mu duka mun san gida. Amma wanda ke da bakin da za a ji a can sama ba ya tsayawa a filin ƙwallo yana karɓar kuɗin kaki a hannun marayu.

Kada katin shaida ya ruɗe ki, kowane mai shagon kwamfuta a PZ zai iya buga irinsa. Ko takardar rajista ya nuna miki, rajista ba ta mai da ƙungiya hukumar gwamnati. Ki duba Peace Corps, ƙungiya ce sananniya mai ofisoshi a jihohi, har majalisar tarayya ta zartar da ƙudurin mai da ita hukuma, amma a 2018 Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu. In wannan bai wadatar da mai suna irin wannan ba, ina ga ta mutum ɗaya da usur a wuya?

Yau ɗin nan ki ɗauko kakin da ya sayar muku ki duba. In mai dabbare-dabbare ne irin na soja, ko an liƙa masa igiya ko anini ko tambarin runduna, to ki kulle shi a akwati. Doka ta hana farin hula sa kayan soja, kuma Zariya ba garin da ake wannan ganganci ba ne. Ga barikin Chindit, ga Basawa inda makarantar 'yan sandan soja take. Yaro ya fito da irin wannan kaya ya yi kiciɓis da masu kakin gaske, tambayar farko ita ce lambarsa da rundunarsa. In ya fara in-ina, mafi sauƙin abin da zai same shi a tuɓe masa rigar a bainar jama'a a sa shi tsallen kwaɗo. In abin ya zo da ƙarar kwana, a miƙa shi ga 'yan sanda da sunan sojan gona. A ranar, wayar Kwamanda a kashe za ki same ta.

Yanzu ga abin da ya fi kuɗin muhimmanci. Sintirin daren nan ya tsaya daga daren yau, ba sai an gama shawara ba.

Ba na raina 'yan sintiri. Duk wanda ke da dangi a ƙauyukan Giwa ko hanyar Birnin Gwari, ko yake zaune a unguwannin bakin gari, ya san akwai daren da in ba don su ba da ba a runtsa ba. Magidanta ne da yawansu, sun bar shimfiɗarsu don wasu su yi barci, kuma an rasa rayuka a cikinsu. Sai dai aikin manya ne. Ko ita hukumar sintiri ta jihar Kaduna, KADVS, da doka aka kafa ta, kuma da Gwamna Uba Sani ya ɗebi mutum 7,000 a 2023, kwalejin 'yan sanda da ke Kaduna aka kai su horo. A Borno, inda matasa suka tashi da gora a 2013 suka tunkari Boko Haram, an wayi gari da yara ƙanana a cikinsu suna tsaron shinge da kai saƙo. Sai da aka zauna da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017 aka sa hannu kan daina amfani da yara, aka sallami 833 a 2018, aka ƙara sallamar 894 a 2019. Wannan fa a inda yaƙi ya ci gari ke nan, su ma suka yarda cewa wanda bai kai 18 ba ba wurinsa ba ne.

Ki sawwara daren da kanki. Ƙarfe biyu, an ɗauke wuta, samari bakwai ko takwas a bakin lungu da tocila da gora, ɗaya ya rataya bindigar toka da aka ɗura tun magariba. Sanyi ya sauko, barci na fizgar kowa, sai wani ya zaro 'yar ƙwaya daga aljihu ya ce a haɗiya ido ya buɗe. Ɗan shekara 16 da ke son a ce masa jarumi, zai iya cewa a'a a gaban manyansa? Can sai a ji ihun ɓarawo. A bi mutum a kama, kowa ya kai nasa duka, gari ya waye mutumin ya cika. 'Yan sanda in sun zo ba sa tambayar wa ya fi ƙanƙanta, duk wanda aka gani a wurin za a kwasa. Manyan sun san inda za su ɓuya da wanda za su kira. Naki ne zai kwana a bayan kanta, ke kuma ki yi ta safa da marwa da kwanon abinci.

Nan ne maganar baffansa ta karye. Yana gudun shaye-shaye ne, kuma yana da gaskiya da ya ji tsoronsa, amma wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ga kuma abin da shi yaron bai sani ba: cikin takardun neman soja akwai wadda iyaye ke sa wa hannu, akwai ta ƙaramar hukuma, akwai wadda 'yan sanda ke tabbatar da cewa mutum ba shi da tabon laifi. Ana kuma gwajin ƙwaya. Dare ɗaya na tsautsayi ya isa ya rufe masa ƙofar da yake mafarki har abada.

To me ya sa na ce kada ki ƙona kakin makaranta?

Saboda ke da bakinki kika ce ya natsu da ya shiga. Dama don haka aka ƙirƙiro abin. A Ingila ya samo asali wajen 1860, lokacin da suke fargabar Faransa za ta kawo musu hari, aka kafa rundunonin sa-kai na farar hula, wasu makarantu su ma suka kafa nasu rukunin na ɗalibai. A 1883 wani mutumin Glasgow, William Alexander Smith, wanda hafsa ne a irin wannan runduna ta sa-kai kuma yana koyar da yara a coci ranar Lahadi, ya ga manya ɗari suna bin umarninsa a filin fareti amma yara ƙalilan sun gagare shi a aji. Sai ya jarraba musu fareti da ɗamara da hula, abin ya yi aiki, daga nan Boys' Brigade ta fito. Sikawut ta biyo baya a 1907. Man O' War ta faro a 1951 a wani gaɓar teku da yanzu ke cikin Kamaru, har yau kuma cibiyar horonta na nan a duwatsun Shere kusa da Jos. Mu ma nan ga 'yan agajinmu na Jama'atu da Fityanu da Izala, da kakinsu da faretinsu, su ne ke tsare sahu ranar idi da wurin tafsiri, su ɗauki wanda ya faɗi. Duk waɗannan an gina su ne a kan abu guda da duk mai ɗa namiji ya sani: akwai shekarun da yaro ke ƙishirwar a ba shi umarni mai tsauri daga wanda yake ganin girmansa, a ba shi abokan tafiya, a ba shi abin da zai yi alfahari da shi. Naki kuma ya rasa uba yana ɗan shekara 12. Ba sai na ƙara bayani ba.

Amma ki lura, ko a can inda aka faro abin, ɗan kadet ba soja ba ne. Ba a tura shi fagen fama, ba a sa shi gadin unguwa, shigarsa ba alkawarin aiki ba ne. Na makaranta yana ƙarƙashin shugaban makaranta, akwai malamin da aka ɗora wa kula da su, da rana ake yi, an san lokacin tashi, in wani abu ya faru kin san ofishin da za ki je. Da wannan za ki auna kowace ƙungiya da ya ce zai shiga nan gaba: wa ke sama da shugabanta, kuma in ya zalunci yaro wa zai hukunta shi? Shi Kwamandan nan, wa ke sama da shi?

Kuma a yi wa yaron adalci, a Zariya ya tashi. Defo tana garin nan tun 1924. Yaron da ya girma yana ganin kurata sun fito gudun safe suna waƙa, ya ga ranar yaye su yadda Sabon Gari ke cika da iyaye daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, masu hoto da masu abinci kowa na ciniki, sabon soja ya fito ƙafarsa kamar ba ta taɓa ƙasa, uwa na kuka tana shafa masa kai, in bai ji wani abu a ransa ba ai sai a bincike shi. Makarantar soja ta yara, NMS, a nan aka buɗe ta a 1954 da yara 30, ita ta fitar da manyan hafsoshi irin su Tunde Idiagbon da Joe Garba da David Mark da Buba Marwa. Wannan ta wuce shi, don daga aji ɗaya na ƙaramar sakandare suke ɗauka, amma ki riƙe ta a rai saboda ƙannensa in akwai mai sha'awa. Kwalejin Barewa kuwa, a nan Zakariya Maimalari ya yi karatu, da Yakubu Gowon ɗan Wusasa, da Murtala Muhammed. Ki ambata masa waɗannan sunaye, sannan ki tambaye shi wanne ne a cikinsu ya bar aji ya tafi gadin lungu. Dukansu ta ƙofar makaranta suka shiga.

Wannan ita ce igiyar da za ki riƙe shi da ita. Hanya biyu ce a gabansa in soja yake so da gaske. Ko ya shiga kurtu ta Defo, ya fara daga farabiti yana hawa kofur, saje, har inda Allah Ya kai shi, kuma aiki ne na mutunci. Ko ya nemi NDA, makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ya yi shekara biyar in sojan ƙasa ne, ya fito da digiri da anini a kafaɗa. Ita NDA sai da kiredit biyar har da Turanci da lissafi, sai ya zauna JAMB ya zaɓe ta, ya ci jarrabawar tantancewarsu, sannan ya je gaban kwamitin zaɓe inda ake gwada jiki da lafiya da kaifin tunani. Gasa ce mai zafi, kowace jiha 'yan kaɗan ake ɗauka, ban ce miki tabbas zai samu ba. Amma shekarunsa na ba shi damar nema fiye da sau ɗaya. Kin ga ashe lissafin nan da ya faɗi shi ne ainihin abin da ke tsakaninsa da kakin hafsa. Kwamanda bai gaya masa wannan ba, don ranar da yaro ya gane, ranar kasuwarsa ta watse.

Ke tela ce, Hajiya. Yadi mai kyau ne ya faɗa hannun wanda bai iya yanka ba. Ba a ƙona yadin, karɓo shi ake yi tun bai sa almakashi ba.

Baffansa za ki fara samu, kafin yaron. Kada ki je masa da sigar gardama, don in ya ji kamar ana ƙwace masa iko a kan ɗan ɗan'uwansa, zai kafe ko da ya gane gaskiya. Mutumin da ya ce zai ba da 125,000 don maraya ba maƙiyinki ba ne. Ki ce masa, "Baffan yara, na yarda da kai yaron nan soja ya dace da shi, ina so ka taimake ni mu tabbatar da hanyar kafin mu saki kuɗi." Sai ki roƙe shi ya nemi soja na gaske, mai ci ko mai ritaya, ya tambaye shi. A Zariya wannan ba wuya, da wuya a rasa tsohon samanja a masallacin unguwa ko cikin 'yan fansho. Ya kuma je wurin Kwamandan da kansa ya yi masa tambaya uku cikin lumana: a wace runduna ya yi aiki, mece ce lambarsa ta soja, kuma zai ba da rasiɗi mai ɗauke da sunansa da abin da aka biya kuɗin dominsa? Ina mai tabbatar miki a ta ukun za a ga canjin fuska. In baffa ya gano da idonsa, shi zai fi ki zafi, kuma hanin sintiri in ya fito daga bakinsa ya fi tasiri a kunnen saurayi. In da hali, wannan kuɗin da ya yi niyya a karkatar da kaɗan daga ciki zuwa malamin da zai riƙa yi wa yaron darasin lissafi da yamma, saura a ajiye na rajistar WAEC da JAMB.

Sannan ki shirya ki je makarantar da ƙafarki, ki nemi malamin da ke kula da 'yan kadet. Ki gaya masa komai. Zai yiwu ba ɗanki kaɗai aka janye ba, kuma makaranta na da bakin da za ta yi magana da sauran iyaye. Ki roƙe shi alfarma ɗaya: ya ɗora wa yaron wani nauyi, ko jagorancin 'yan ƙananan aji a fareti, bisa sharaɗin zuwa makaranta kullum da gyara sakamako. Yaron da aka ba mutum goma ya koya musu taka ƙafa, ya san in ya yi fashi za a ba wani, da wuya ya kwana a titi.

Shi kuwa yaron, ki bar faɗa haka. Kin yi, kin ga abin da ya haifar. Na san ɗan fari ne, akwai kunya, ba ki saba zama ki yi doguwar magana da shi ba, amma wannan karon ki daure. Ki zaɓi lokacin da yake cikin abin da yake so. Irin yaran nan na san su: daren Lahadi an hura gawayi a dutsen guga, an sa wa kaki sitaci har yana iya tsayawa da kansa, an tasa takalmi gaba da tsumma da ɗan ruwa a murfin kwalba ana murzawa sai mutum ya ga fuskarsa a ciki. Ki zauna kusa da shi a lokacin. Ki karɓi rigar ki duba, in aljihu ya saki ko maɓalli na lilo ki hau keke ki gyara masa. Daga nan ki ce masa kin amince ya zama soja, kuma ba ƙaramin soja kike so ba. Ki sa ya buɗe sanarwar ɗaukar soja da ta NDA a waya ya karanta miki sharuɗɗan da bakinsa, ya fassara miki. Kada ki ce masa an cuce shi ko shi wawa ne, zai kare mutumin don ya kare kansa. Ki bar takardar ta yi magana. Abu ɗaya ne kawai ba ciniki a kansa, ki faɗa masa sau ɗaya ba tare da ɗaga murya ba: ba ki yafe ya ƙara fita sintirin dare ba.

Zai yi fushi, zai iya kwana biyu bai ci abincinki ba. Abokan can za su kira shi matsoraci, ɗan mama. Shi ya sa Asabar da Lahadin da aka ƙwace masa ke bukatar abin da zai cike su. In akwai Man O' War ko Sikawut ko Red Cross a makarantarsu, ko 'yan agajin masallacin da kuka yarda da shi, ya shiga. Ya ci gaba da gudun safe, don ranar tantancewa zai bukace shi. In kuma kin ga alamun an riga an fara ba shi wani abu, ido ya canja, barci ya rikice ko da ya daina fita, kuɗi na ɓacewa a ɗaki, kada ki rufe don gudun abin kunya, ku kai shi asibiti a duba shi tun abin bai yi nisa ba.

Wani abu kuma da ya kamata ki sani tun yanzu, don kada ki ce ban faɗa miki ba. In wannan dabara ta yi aiki, ƙarshenta ɗanki na iya zama soja da gaske, kuma sojan wannan zamani Sambisa ake kai shi da dazukan Zamfara. Akwai gidaje a garin nan da aka kawo musu kaya ba a kawo mai kayan ba. In har zuciyarki ba za ta ɗauka ba, kada ki yi masa alkawarin da kika san za ki warware ranar da ya kawo miki fom ki sa hannu. Ki gaya masa gaskiya cewa kina tsoro, amma in ya kai shekaru ya bi ta ƙofa za ki sa masa albarka. Yana kuma yiwuwa kafin nan ra'ayinsa ya sauya, ya ce kwastan yake so ko sojan sama ko ma injiniya a ABU. Duk wanda ya zaɓa, sakamakon nan dai shi za a tambaya.

Su kuma 35,000 ɗin, ki ƙaddara sun tafi. Kada ki je da kanki neman su, kada ki tura yaron. In baffa ya tabbatar mutumin na karɓar kuɗin gurbi, ya sanar da mai unguwa, su haɗu da sauran iyayen da abin ya shafa su kai maganar ofishin 'yan sanda tare, ya fi a ce ke kaɗai ce mace mai takaba a baya kika tsaya gaba da shi. Saƙon da ya aiko na neman 250,000, in a waya ne, rubutu ko murya, kada ki goge, ki tura wa baffan ya ajiye kwafi. Ki kuma karɓi katin shaidar nan daga hannun yaron, don sunansa da hotonsa ne a jiki, kuma ba ki san me za a aikata gobe da sunan ƙungiyar ba.